Sharaɗin Tsayawa

Ƙarfe biyun dare a Yantala.
Wuta ta ɗauke, fanka ta yi shiru,
batir ya ce saura kashi goma sha ɗaya.
Gyara bakwai na jiran idona,
sun jeru kamar marasa lafiya a bencin likita.

Manhajar tamu ta lissafin albasa ce:
buhu nawa ya taso daga Galmi,
nawa ya ruɓe kafin Doso,
me ya rage wa manomi bayan kuɗin mota.
Ba ta da ƙyaure, balle kwaɗo.
Mai so ya karanta, mai so ya ɗauka,
wanda ya iya ya aza nasa tubalin.

Ni na kafa dokar farko:
kowane aiki ya zama injin niƙan Inna Kuluwa.
Ka zuba gero, ka kwashi garin gero,
yau, gobe, ranar salla, duk ɗaya.
Ba ya leƙa kwanon maƙwabci,
ba ya tuna wanda ya zo jiya.

Ta biyu: ba a goge abin da aka rubuta.
In lamba za ta sauya, a haifi sabuwa,
tsohuwar ta zauna inda take
kamar sawun akuya a ɗanyen siminti.

A fada muka ƙulla wannan, kan shayi na uku,
ni da Barmu da Habsu da Hamani,
da Agali mai turo nasa daga Agadas
ranar da layi ya ga dama.

Sai dai mutum ba injin niƙa ba ne.
"Sake duba wannan," na rubuta wa Barmu da azumi,
ya yi dariya, ya sake.
"Sake duba wannan," na rubuta masa ranar Talata,
ko wasali ban canza ba,
ya kwashi kwafinsa ya kafa tasa rumfar.
Ashe mahaifinsa na kwance a asibiti.
Wannan bai shigo ta bakin injin ba.

Layukansa ɗari takwas suna nan,
har da inda yake rubuta "albasa" da sa biyu.
Doka ta hana ni gogewa.
Ko ba doka ma.

Akwai aikin da ke kiran kansa.
Haka kakata ke ƙirgar damman hatsi:
ɗauke ɗaya, saura kuma
ka yi masa yadda ka yi wa na farko.
Amma takan ɗaga yatsa ta ce,
in ka ga ƙasan rumbu, ɗan nan, tsaya.
Aikin da aka manta a faɗa wa haka
sai ya yi ta kira, ya yi ta kira,
har na'ura ta shiɗe.

Shekara huɗu ina kiran kaina.
Ba albashi, godiya jefi-jefi,
ga wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba
yana faɗa don ba a amsa masa kafin magariba ba.
Na koya wa yara ashirin inda ake tsayawa,
nawa layin ban rubuta ba.

Saura kashi huɗu.

Makon jiya Habsu ta kama kuskure a aikina.
Ta gaishe ni, ta tambayi gida,
sannan ta ƙi janyewa.
Na buɗe jerin masu riƙe da mabuɗi,
inda sunana ya daɗe shi kaɗai kamar gawo a fako,
na sa nata a ƙasa.
Na duba. Na mai da shi sama.

Saura biyu.
Na nemo Barmu, ban liƙa ko layi ɗaya na aiki ba:
"Yaya jikin Baba?"

Allo ya yi baƙi kafin in ga ko ya tafi.
Can wajen kogi kwaɗi na ta nasu taron,
ba shugaba, ba mai duba gyara.
Na jawo tabarma waje.